Daga Sabon Ibadan Zuwa Perry Barr: Me Ke Riƙe Amana?

Akwai wani tsohon littafi da ya kamata duk ɗalibin da ke shirin tsayawa takarar shugabancin ƙungiyarmu ya nema ya karanta kafin ya buga fosta. Sunansa Custom and Politics in Urban Africa, ya fito a 1969, marubucinsa kuma Abner Cohen ne, haifaffen Bagadaza wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Manchester a hannun Max Gluckman. A 1962 da 1963 ya zauna a Sabon Ibadan, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, yana neman amsar tambaya guda: yaya baƙi kimanin 4,000 suka riƙe cinikin shanu da goro a tsakiyar Yarabawa, alhali babu banki, babu takardar yarjejeniya?

Ƙarfin littafin yana wajen bayanin kara. Falke ya koro shanu daga Arewa, ya sauka gidan maigida, dillalin maigida ya sayar wa mahauci Bayarabe bashi, falke ya zauna jiran kuɗi. Idan mahauci ya ci, maigida ne zai biya daga aljihunsa, don in ya bari labari ya kai Kano ko Katsina, babu mai sake sauka gidansa. Wato jarin maigida sunansa ne, suna kuwa ba ya tsayuwa sai a inda ake ganin mutum kullum.

Daga nan Cohen ya shiga maganar addini. A farkon shekarun 1950, da siyasar jam'iyyu ta fara raunana ikon Sarkin Hausawa, mutanen Sabo suka rungumi Tijjaniyya ta hannun almajiran Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, a 1952 kuma suka daina zuwa babban masallacin gari suka tsai da Juma'arsu. A ganinsa wazifar kowace rana ita ta maye gurbin fada. Wanda kuke haɗa gwiwa da shi a zikiri kowace yamma, da wuya ya gudu da kuɗin goronka.

To, a nan nake rabuwa da shi. Cohen ya kusa mai da ɗariƙa dabarar tsare kasuwa. Amma ai a shekarun nan ne Faila ta bazu a Kano da Zariya da Kumasi, wuraren da babu mahaucin Ibadan da ke barazana ga kowa. Mutanen Sabo sun shiga ne don neman kusanci da Allah, amanar ciniki ta biyo baya. Da don shanu kaɗai suke taruwa, da taron ya watse ranar da kasuwa ta faɗi. Manazarcin ya ga amfanin abin, bai tsaya ya saurari masu yin sa yadda ya kamata ba.

Duk da haka, ɗan'uwa ɗalibi, ɗauki ma'auninsa ka auna mu a nan Birmingham. Tun da darajar naira ta rushe daga tsakiyar 2023, da yawanmu da musayar hannu muke rayuwa: ka tura wa wani naira a gida, ya ba ka fam a nan, ko ku yi adashi don kuɗin makaranta da na haya. Wannan cinikin kara ne sak, sai dai babu maigida. Wa zai biya in wani ya ci? Shugaban zauren WhatsApp?

Kuma muna da matsalar da Sabo ba ta da ita. Mai digiri na biyu shekara ɗaya yake yi ya tafi, tun Janairun 2024 ma yawancinsu ba a barin su zo da iyali, don haka sunan jariri da ɗaurin aure, waɗanda ke tara mutane ba tare da an roƙe su ba, sun yi ƙaranci. Harabar jami'ar da a da take tara ɗalibai a Perry Barr an rufe ta a 2018, an koma tsakiyar gari, kowa ya watsu inda ya sami ɗaki mai araha. Ranar Juma'a muna cika sahu a masallacin titin Birchfield da sauran masallatai tare da 'yan Pakistan da Bangaladash da Somaliya, abin alheri ne, ba na kiran a ware kamar yadda Sabo ta yi. Amma ana sallamewa kowa yake rugawa aiki.

Abin da ƙungiyarmu ke da shi shi ne walimar Sallah sau biyu a shekara, da zaɓe sau ɗaya. Haɗuwa uku ba ta isa a san wanda ke cika alkawari ba. Zaman mako-mako bayan Juma'a, a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, ko da mutum shida ne da butar shayi, zai fi babban taron da ake kama zaure a kira mai ɗaukar hoto. A irin wannan zama ne za a gane waɗanda suka daɗe a gari, masu aiki da iyali a Aston da Handsworth, da za su iya tsaya wa sabon zuwa in zai karɓi kuɗin wani.