A bar wa shayi ɗacinsa

Duk wanda ya saba tsayawa a Takieta, inda hanyar Matamaye ta rabu da babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, ya san abin da matafiyi ke nema da zarar mota ta tsaya: nama mai zafi da abin da zai kora. A da, abin korawar shayi ne. Yanzu lemon kwalba ne mai sanyi, ko waɗannan ƴan gwangwanayen da ake cewa suna ƙara kuzari. A fada ma, inda buta ba ta sauka daga kan gawayi, samari sun koma zuba sukari tun a dahuwar farko har ganyen ya rasa bakin magana.

Ni dai ina ganin asara muke yi.

Shayin da muka koya wurin Buzaye, koren ganyen Sin ne, sau uku ake dafa shi, kuma kowace dahuwa da aikinta. Ta farko baƙa ce wuluk, mai kauri, tana kama harshe. Ita ce abokiyar nama. Ka yagi kilishi, ƙuli da yaji da mai su lulluɓe maka baki, sai ka kurɓi rabin ɗan kofin nan mai kumfa. Maiƙon ya wanke, zafin barkono ya taso ya kwanta, yanka na biyu ya zo maka sabo fil. Gwada haka da lemo: zaƙi ya hau kan maiƙo, baki ya yi nauyi, kafin ka gama ƙunshin ka gundura, har ka fara zargin mahauci. Cuku kuwa, wanda in shi kaɗai ne sai ka yi ta tauna kamar fata, ɗumin shayin ne ke tausasa shi ya fito da ƙanshin nono. Dahuwa ta uku, da ta riga ta yi sanyin hali, ba ta iya wannan aiki. A bar ta ga gyaɗa da hira. Alkakin Damagaram ma da ta farko ya dace, don zaƙi biyu ba sa zama a baki ɗaya.

Abin dariya, Turawa kuɗi suke kashewa neman ɗaci. Tun wajen 1980 ƙananan masu dafa giya a Amurka suka shiga cika ta da furen wata shuka mai suna hop, har da ma'aunin ɗaci a jikin kwalba, mashaya kuma suna ta muhawara kan wace ce ta dace da gasasshen nama, wace ce ta dace da abinci mai yaji. Giya ba abin shan Musulmi ba ce, ba kuma ita nake yi wa talla ba. Sai dai abin da harshensu ya gano, kakanninmu masu cin goro da gauta sun daɗe da saninsa.

Masu shayin fada za su ce baƙi ne ke son zaƙi. To, a ajiye sukarin a gefen tire. Mai so ya ƙara da hannunsa, amma a fara miƙo mini nawa yadda ya fito daga buta.