Rabon Aiki da Rabon Laifi a Wasannin Harbi na Intanet

Da zarar an ci ƙungiya a wasan Overwatch, kafin allon sakamako ya gama bayyana an riga an buɗe kotu. Maharbi ya rubuta cewa an bar shi babu magani. Mai jinya ya ce ya gaji da bin mutanen da ba sa tsayawa inda zai gan su. Tanki kuwa, wanda ya kutsa gaba ya waiga bai ga kowa a bayansa ba, ko dai ya yi gum ko ya dura ashar ya fice. Mutum biyar ne da ba su san juna ba, na'ura ce ta haɗa su 'yan mintuna da suka wuce, kuma da wuya su sake gamuwa. Abin da ke ba ni sha'awa a wannan shari'a shi ne, yawanci babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa abin da idonsa ya nuna masa yake faɗi.

Raba wa 'yan wasa aiki ya girmi Overwatch. Wasan Team Fortress 2 da kamfanin Valve ya fitar a 2007 yana da rukunin mayaƙa 9, cikinsu har da likita mai bin sauran yana mayar musu da lafiya. An ma ware maɓalli guda wanda in ka danna, gwarzonka zai kwarma wa likitan kira. Kamfanin Blizzard ya ɗora a kan wannan tubali sa'ad da ya fitar da Overwatch a watan Mayun 2016, mutum 6 da 6. Daga baya ayyukan suka zauna a gida uku. Akwai tanki mai yawan jini, wanda ke tare wuta yana ƙwato wa ƙungiya fili. Akwai maharbi, mai kisa. Sai mai jinya, wanda ke riƙe ran kowa alhali nasa ran ya fi na kowa sauƙin ɗauka. An tsara su ne ta yadda babu mai iya cin wasa shi kaɗai, kuma a nan daɗin yake, a nan kuma rigimar take.

Waɗannan wasanni ta idon gwarzonka kake kallonsu. Kana ganin bakin bindigarka da abin da ke gabanka, amma ba ka ganin jikinka, ba ka ganin inda ka tsaya, balle abin da ke faruwa a bayanka. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, to a nan haka aka gina allon tun daga masana'anta. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Edward Jones da Richard Nisbett, sun yi bayani a 1971 cewa mutum yakan jingina kuskurensa ga yanayin da ya samu kansa, ya jingina na wani ga halinsa. Ni na mutu ne don an taru mini, kai ka mutu don ba ka iya ba. Wasan harbi ya ɗauki wannan rauni da kowa ke da shi ya ƙara masa gishiri.

Mu ɗauki artabu guda mu warware shi. Tanki mai riƙe da Reinhardt, jarumin nan mai guduma da garkuwa, ya ga dama ya sha kwana ya bi abokan gaba. Mai jinyarsa tana riƙe da Ana, wadda maganinta harbawa ake yi kamar harsashi, don haka dole sai tana ganin wanda za ta warkar. Kwanar nan da ya sha ta sa bango ya shiga tsakaninsu. A daidai lokacin wani Genji na abokan gaba ya zagayo ta baya ya dira a kan Ana, ta juya tana kare ranta. Maharbin da ya kamata ya kawo mata ɗauki yana can bisa bene yana auna wani daban, bai ma san ana yi ba. Cikin daƙiƙa kaɗan tanki ya faɗi, Ana ta bi shi, sauran aka tsince su ɗai-ɗai. Tanki ya ga jininsa yana sauka ba magani, ya yi gaskiya. Ana ta ga an bar ta ita kaɗai, ta yi gaskiya. Maharbi ya duba ya ga ya fi kowa kisa, shi ma bai yi ƙarya ba. Abin da ya kashe su yana cikin gurbin da ke tsakanin idanu uku, kuma babu wanda allonsa ya nuna masa wannan gurbi.

Bayan mutuwa, wasan yakan maimaita maka daƙiƙun ƙarshe ta idon wanda ya kashe ka. Yana da amfani, sai dai ƙarshen labari kawai yake ba ka. Matakin da ya jawo mutuwar an ɗauke shi tun kafin hoton ya fara.

Sai batun lissafi, inda a ganina Blizzard ta fi yin tuntuɓe. A Overwatch na farko babu allon da ke nuna aikin kowa. Lambobin yabo ake bayarwa, zinare da azurfa da tagulla, kuma naka kaɗai kake gani. Niyyar ita ce a hana nuna yatsa. Abin da ya biyo baya shi ne kowa ya mai da lambarsa takobi: ni ke da zinaren kisa, to ku me kuke yi? Ba a iya ƙaryata shi, kuma zinare a ƙungiyar da ake lallasawa ba ya nufin komai, tunda dole wani ya zo na ɗaya ko a cikin ragwaye. Da Overwatch 2 ya fito a Oktoban 2022 sai aka soke lambobin aka kawo allo mai nuna kisa, mutuwa, ɓarna da magani na kowa da kowa. Ƙarya ta ragu, amma zargi ya samu hujja a rubuce. Kuma adadi yana da nasa ruɗin. Maharbin da ya yini yana zuba harsashi a jikin tankin abokan gaba zai tara ɓarna mai yawa, alhali abin da ya yi shi ne ciyar da masu jinyarsu, domin da warkarwa suke cika babban makaminsu. Mai jinyar da ya sa abokin gaba barci a daidai lokacin da zai share ƙungiya duka ya ceci wasan, amma babu layin da ke ƙirga mutuwar da ba a yi ba. Aikin tanki da na mai jinya rabinsa hana faruwar abu ne, shi kuwa allo abin da ya faru yake iya rubutawa.

Kafin 2019 rigimar tun a ɗakin jira take farawa. Mutum huɗu ko biyar su ɗauki maharba, kowa ya ƙi sauyawa, a ƙarshe mai haƙurin cikinsu ya karɓi jinya ba don yana so ba, sannan a zage shi don bai iya ba. A matakin ƙwararru kuma akasin haka aka samu: tsarin da ake kira GOATS, tanki 3 da masu jinya 3 babu maharbi ko ɗaya, ya mamaye gasa har 'yan kallo suka ƙosa. A 2019 aka kafa dokar 2-2-2, kowa ya zaɓi aikinsa tun kafin a haɗa shi da ƙungiya. Faɗan ɗakin jira ya mutu, sai layin maharba ya yi tsawo saboda masu son zama tanki ba su da yawa. Overwatch 2 ya magance wannan da rage tanki zuwa ɗaya, aka koma 5 da 5. Lissafin layi ya gyaru, amma duba abin da aka yi wa mai riƙe tankin. Da suna biyu suna raba nauyi, yanzu shi kaɗai ne ake aunawa da takwaransa na can ɓangaren, kuma hukuncin da ya fi yawo a ƙarshen wasa ya zama “tankinsu ya fi namu”. Kowane gyara ɗauke laifin ya yi daga wannan kafaɗa ya aza a waccan.

A Counter-Strike, wanda ya fara a 1999 a hannun Minh Le da Jess Cliffe, babu mai jinya kuma na'ura ba ta raba aiki. 'Yan wasa ne suka ƙirƙiro rabon da kansu: mai fara kutsawa, mai riƙe bindigar nesa ta AWP wadda kuɗinta a cikin wasan 4,750 ne, mai laɓewa, da jagora mai tsara dabara. Mai fara kutsawa aikinsa kusan mutuwa ne. Yana shiga ne don a san inda abokan gaba suke, na bayansa ya rama masa nan take. In na bayan ya yi nawa da daƙiƙa biyu, allo zai nuna na gaba ya mutu a banza, shi kuwa mai nawar ya tsira da sunansa. Sai a 2017 shafin HLTV mai auna ƙwararru ya shigar da irin wannan mutuwar da aka rama cikin ma'auninsa. Jagora ma haka yake shan wahala, don rabin hankalinsa na kan taswira, adadin kisansa yakan yi ƙasa. Finn Andersen na Denmark, wanda aka fi sani da karrigan, an ajiye shi a ƙungiyar Astralis a 2016, aka sake ajiye shi a ƙungiyar FaZe a ƙarshen 2018, sannan ya dawo FaZe ɗin ya jagorance ta ta ci babbar gasar Antwerp a 2022.

Wannan wasan yana da wata azaba tasa ta daban. Wanda ya mutu ba ya dawowa sai zagaye na gaba, sai dai ya zauna yana kallo ta idon abokinsa mai rai. Matattu huɗu su taru a kunnen mutum ɗaya, wannan ya ce dama, wancan ya ce hagu, shi kuwa ƙarar sawun abokin gaba yake ƙoƙarin ji. Shi ya sa ƙungiyoyin da suka san abin da suke yi suke da ƙa'ida: in ka mutu, faɗi inda aka harbe ka da yawan waɗanda ka gani, ka ja bakinka.

Kowa ya yarda magana ce maganin gurbin nan da ke tsakanin idanun 'yan wasa, amma magana iri biyu ce. “Biyu a hagu, ɗaya ya kusa mutuwa” tana nuna abin da za a yi yanzu. “Me ya kai ka can?” tana tono abin da ya wuce, kuma babu amsar da za a ba ta da za ta dawo da wanda ya mutu. Matsalar ita ce makirufo ɗaya ke ɗaukar duka biyun. Mutane da dama, musamman mata da yara da waɗanda Turancinsu ke da karin harshen wata ƙasa, sun gwammace su kashe murya gaba ɗaya da su sha cin mutunci. Ƙungiya ta rasa bayanansu, a ci ta, a kuma ce shirunsu ne ya jawo. Masu buga Call of Duty: Mobile ko PUBG Mobile daga Kano ko Maraɗi suna da ƙarin kaya: in intanet ta yi nauyi, abokin wasa a Turai gani yake mutum ya tsaya ƙiƙam ana harbinsa, ba ya ganin layin da ke yankewa.

Mafi wayon amsa da na gani ita ce ta Apex Legends, wanda kamfanin Respawn ya fitar a Fabrairun 2019. Ka auna abu ka danna maɓalli guda, gwarzonka ya faɗa da bakinsa: ga abokin gaba, ga harsashi, mu nufi can. Ana isar da saƙo ba tare da murya ko yare ba, kuma da wuya a yi zagi da shi, ko da yake masu haushi sun gano cewa danna shi sau ashirin a kan gawar mutum ma magana ce. Kamfanin EA, mamallakin Respawn, ya ba sauran masu ƙera wasanni izinin amfani da fasahar kyauta a 2021, Overwatch 2 ma ya zo da irin nasa. Blizzard kuma tun 2018 ta kawo tsarin yaba wa abokin wasa a ƙarshen karawa, sannan a Fabrairun 2024 ta ba kowane gwarzo damar farfaɗowa da kansa in ya fake na ɗan lokaci, abin da ya rage wa mai jinya yawan kiran da ake kwarma masa.

Duk da haka muhawarar yadda za a raba aikin ba ta zauna ba. A ƙarshen 2024 Blizzard ta fara gwajin dawo da 6 da 6 bayan dogon ƙorafin masu riƙe tanki. A Disambar shekarar kamfanin NetEase ya fitar da Marvel Rivals, shi ma 6 da 6 mai gida uku, amma ya ƙi sa dokar da ke tilasta yawan kowane aiki, ya bar wa 'yan wasa su daidaita da kansu. Nan da nan tsohon faɗan ɗakin jira ya dawo: mutum huɗu sun riƙe maharba, agogo yana tafiya, kowa yana jiran wani ya karɓi jinya.