UGETSU: DAREN DA MIYAGI TA DAWO GIDA

Duk wanda ya taɓa raka wani nasa makwanci ya san wani tunani da kan zo wa mutum cikin dare, bayan 'yan zaman makoki sun watse an naɗe tabarmi: da za a ba ni aron mamacin nan, ko na dare ɗaya ne, me zan ce masa? Mun san ba mai yiwuwa ba ne, wanda ya tafi ya tafi. Amma ita zuciya ba ta jin wannan magana. Daga wannan tunanin ne marubuta da masu shirya finafinai suka ƙago wani reshe na labaran fatalwa wanda ba ruwansa da firgita mutane. Akan kai labarin wani tsohon zamani, a cika shi da kewa da nadama da soyayyar da ta suɓuce.

A wannan watan na ɗauko muku fim ɗin da nake ganin ya fi kowanne iya wannan aiki. Sunansa Ugetsu, ɗan ƙasar Japan ne, marar kala, ya fito a 1953. Daraktansa Kenji Mizoguchi, kuma a shekarar da ya fito ya ci kyautar Zakin Azurfa a bikin finafinai na birnin Venis da ke Italiya. An tsamo labarin daga wani littafin Ueda Akinari na 1776 mai ɗauke da labaran fatalwa guda 9, inda aka ɗauki biyu aka haɗe su. Ma'anar sunan ita ce ruwan sama da farin wata. Tun da wuri ina neman afuwar mai karatu, zan fasa ƙwai, domin sharhin wannan fim ba ya yiwuwa sai an taɓo ƙarshensa.

Labarin ya faru ne a ƙarshen ƙarni na 16, lokacin da sarakunan yaƙin Japan ke ta gwabzawa da junansu. A wani ƙauye kusa da tafkin Biwa akwai wani maginin tukwane mai suna Genjuro (Masayuki Mori), da matarsa Miyagi (Kinuyo Tanaka), da ɗansu ƙarami. Yaƙi ya sa kaya sun yi tsada, Genjuro ya kai tukwane kasuwar Nagahama ya dawo da azurfa a hannu. Shi ke nan fa, ido ya buɗe. Maƙwabcinsa Tobei kuwa nasa ciwon daban ne, shi dai ya zama samurai, wato barden yaƙi, ko da matarsa Ohama kullum cikin yi masa faɗa take. Mai garin ya ja kunnen Miyagi cewa kuɗin da aka samu a cikin hargitsi ba sa zama. Ita ma ta roƙi mijin ya haƙura su zauna tare. Ina! Ko da sojojin Shibata Katsuie suka afka wa ƙauyen kowa ya gudu daji, hankalin Genjuro na kan tukwanen da ya bari a wuta.

Suka loda kayan a kwalekwale za su ƙetare tafkin cikin hazo. A tsakiyar ruwa suka ci karo da wani kwalekwalen, da mutum kwance a ciki rai a hannun Allah, 'yan fashin ruwa sun far masa. Sai Genjuro ya juya ya sauke Miyagi da yaron a gaɓa, wai don ya tsare su daga haɗari, ya ce kwana 10 zai yi ya dawo. Ku riƙe wannan wurin da kyau. Ba mugun miji aka nuna mana ba. Yana son matarsa, da kuɗinsa na farko ma riga ya saya mata. Kuskurensa irin na mutane da yawa ne: ya ɗauka iyali za su tsaya cik yadda ya bar su har ya gama neman abin da ya fita nema.

A kasuwar Omizo wata gimbiya mai suna Wakasa (Machiko Kyo) ta zo da tsohuwar da ta rene ta, suka zaɓi kaya suka ce ya kai musu gidan Kutsuki. Gimbiya ta yaba aikin hannunsa yabon da ba a taɓa yi masa ba, tsohuwa ta ce ya aure ta, malam ya manta hanyar gida. Yana can cikin daula, sai darakta ya mayar da mu ga Miyagi tana gudu da goyo a baya. Wasu sojoji da yunwa ta haukata suka tare ta, suka ƙwace ɗan guzurin da ke hannunta, ɗaya ya soka mata mashi. Daga nesa aka ɗauki hoton, babu kiɗan ban tausayi mai cika kunne, babu jawo fuska kusa don mu ga hawaye. Tana tangaɗi yaron na kuka, su kuma can baya suna rigima a kan abinci. Wallahi na sha ganin mutuwa a fim, amma kaɗan ne suka tsaya min a rai kamar wannan.

Daga baya wani malamin addinin Buddha ya tare Genjuro a hanya ya ce ya ga alamar mutuwa a fuskarsa, ya rubuta masa addu'o'insu a jiki. A daren ne gaskiya ta fito. Wakasa ta daɗe da mutuwa, rundunar Oda Nobunaga ce ta hallaka gidansu. Ta bar duniya ba ta san soyayya ba, shi ya sa tsohuwar ta dawo da ita don ta ɗanɗana abin da ta rasa. Genjuro ya farka ya gan shi a kango, cikin ƙonannun itatuwa, aka kuma ƙwace 'yan kuɗin da ya tara.

Abin da ya burge ni a nan shi ne yadda aka ƙi mayar da Wakasa dodo. Da a wani hannun ne da an ba ta farata da jajayen idanu. Mizoguchi ya bar ta a matsayin yarinyar da yaƙi ya zalunta, mai neman a ba ta dama ta biyu. Sai dai damar tata ba ta samuwa sai da ran wani, domin so take ta tafi da Genjuro inda ta fito. Irin kewar da ke cinye mai ita ke nan, wadda ke son a mayar da jiya yau ko ta halin ƙaƙa. Mai kallo zai tausaya mata, kuma zai so Genjuro ya kuɓuta daga hannunta, duk a lokaci guda.

To, yanzu ga wurin da ya sa na rubuta wannan sharhi. Genjuro ya iso gida da dare, hannu wayam. Ya shiga ɗaki, duhu, murhu a mace, ba kowa. Yana kiran sunan matarsa ya fita ta ɗaya gefen ya zagayo. Kyamara ba ta yanke ba, ta dai juyo a hankali, sai ga wuta na ci a murhun nan da muka gani a mace yanzun nan, ga Miyagi zaune tana girki. Mai ɗaukar hoton, Kazuo Miyagawa, bai nemi wani siddabaru ba. Juyawar kyamara ɗaya tak ta raba duniyar rayayyu da ta matattu.

Ya buɗe baki zai faɗi laifinsa, ta hana shi. Ta zuba masa abinci da abin sha, ya rungumi ɗansa, barci ya kwashe shi. Daga nan aka bar mu da Miyagi ita kaɗai. Ta lulluɓe shi, ta kimtsa kayansa, ta zauna gaban fitila tana ɗinke masa riga har hasken asuba ya fara shigowa ta tsagar bango. Kinuyo Tanaka ba ta yi wani dogon jawabi ba, amma fuskarta ta faɗi komai: murnar ganinsa, da sanin cewa daren ɗaya ne. Da gari ya waye mai gari ya zo neman yaron, domin a hannunsa yake tun bayan rasuwar uwar. A nan Genjuro ya ji labari.

Ku da kuka tashi da finafinan Indiya kun san yadda suke warware irin wannan ƙulli. A Madhumati na Bimal Roy, wanda ya fito a 1958, fatalwar yarinyar ta dawo ta tona asirin wanda ya yi sanadin mutuwarta, sannan Dilip Kumar da Vyjayanthimala suka sake haɗuwa a wata rayuwar, har da ɗan jaririnsu. Om Shanti Om na 2007 ya bi wannan sawun, aka sake haihuwar Shah Rukh Khan ya dawo ya ɗauki fansa. Ba na raina su, ni ma na ji daɗinsu. Amma a can mutuwa kamar bashi ce, ana biyan mutum abin da ya rasa. Ugetsu bai yi wa mai kallo wannan alfarmar ba. Miyagi ba ta dawo don ta zauna ba, ba ta kuma zo ramuwa ba. Ta zo ne ta miƙa yaro ga ubansa ta tafi. Damar da aka ba Genjuro ita ce yaron nan, da yumɓu, da sauran kwanakin da suka rage masa. A fitowar ƙarshe yana aikin tukwanensa a natse, muryar Miyagi na nuna cewa yanzu ya zama mutumin da ta yi fata, ga shi kuma ba ta duniyar. Yaron ya ɗauki abincin da aka zuba masa ya kai kan kabarin uwarsa, kyamara ta ɗaga sama ta nuno manoma a gona. Duk wanda ya yi rashi zai shaida cewa wannan ya fi kama da gaskiya.

Me ya sa aka kai labarin ƙarni na 16? Ku tuna shekara 8 kacal ke tsakanin faɗuwar Japan a yaƙin duniya na biyu a 1945 da fitowar fim ɗin. Cikin waɗanda suka fara kallonsa akwai sojojin da suka dawo suka tarar da gidajensu toka, akwai matan da suka yi ta jiran mazan da ba su dawo ba. Da an nuna musu nasu zamanin kai tsaye, da ciwon ya yi ɗanye da yawa. Da aka sa wa labarin tsofaffin tufafi sai ya kallu. Amfanin tarihi ke nan a irin wannan adabi, yakan ba mai makoki 'yar tazarar da zai iya duban abin da ya same shi.

Amma fa ban ce fim ɗin ba shi da aibu ba. Na farko, ɓangaren Tobei. Mutumin nan ya gudu ya bar Ohama a baƙon gari, sojoji suka yi mata fyaɗe, ta ƙare a gidan karuwai. Shi kuwa ya sato kan wani babban kwamanda ya ce shi ya kashe shi, aka ba shi doki da sulke da dakaru. Haɗuwarsu a gidan karuwan ta yi ƙarfi ƙwarai, amma daga nan sai kawai ya jefa sulke a kogi, suka koma gona kamar ba a yi komai ba. Haba! Wannan sulhun ya yi arha. Na biyu kuma ya fi damu na. Maza biyu suka yi kwaɗayi, mata ne suka biya: ɗaya da ranta, ɗaya da mutuncinta. Sannan aka sa Miyagi ta yafe tun kafin a roƙe ta, har ta hana mijin furta laifinsa. Mizoguchi ya san wahalar mata tun daga gidansu, domin talauci ya sa an ba da yayarsa ta ƙare a sana'ar geisha, wato masu nishaɗantar da manyan baƙi, kuma ita ta tallafe shi yana saurayi. Finafinansa cike suke da mata masu sadaukarwa. Amma tambayar na nan: dole ne sai mace ta mutu kafin namiji ya yi hankali? Na tabbata 'yan'uwa mata masu karanta wannan shafi za su so a ce Miyagi ta ɗan yi magana, ko da kalma ɗaya ce ta ƙorafi. Ni ma haka. Sai dai in za a yi wa daraktan adalci, hana Genjuro magana ma wani hukunci ne, domin zai ƙare rayuwarsa da abin da bai samu ya faɗa ba.

Ga 'yan fim ɗinmu da marubutanmu akwai abin ɗauka. Sau da yawa in an ce fatalwa a finafinan Hausa, sai farin ƙyalle, da hoda dam a fuska, da dariya mai amsa kuwwa, a ɓace a ɓullo da kwamfuta. A ƙarshe yara ma dariya suke. Ga shi an yi fatalwa da murhu da allura da zare, ta kuma sa manya kuka. Labarin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Magidanci nawa ne ya tafi ci-rani ko fatauci da alkawarin 'yan makonni, shekara ta zagayo bai waiwayo ba? Nawa ne suka dawo aka nuna musu kabari? Ba sai marubuci ya ce mamaci ya tashi ba, tunda mun san abin da muka yi imani da shi. Mafarki ya isa, tunani ya isa. Abin da ake bukata shi ne a san dalilin zuwan mamacin cikin labari, da abin da zai bar wa mai rai in ya tafi.

An gyara hoton fim ɗin a 2016, ya fito tas, kuma tsawonsa bai fi awa ɗaya da rabi da 'yan mintoci ba. Wanda ya samu ya kalla, ya yi haƙuri da rashin kala da tafiyar hawainiyar da yake yi a wasu wurare. Shawarata kawai, in akwai wanda ka yi wa alkawarin kwana 10 har yau ba ka cika ba, to ka neme shi kafin ka zauna kallo.