Tacewa ko Dannewa?

A bakin matar gida, tacewa aikin alheri ne. Takan jiƙa gero, ta kai niƙa, ta zuba ƙullu a ƙyalle ta matse; gasara ta sauka a ƙwarya, dusa ta saura. Daga nan kalmar ta samo darajarta, shi ya sa ake yabon abu da cewa tatacce ne, kuma aka kira masana'antar man da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011 matata.

Wannan darajar ce hukuma ta ara sa'ad da aka fassara "censure" da tacewa. Tun da Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, kalmar ta bi kaset-kaset ta shigo kasuwannin Maraɗi da Damagaram, ta zauna ba tare da an tuhume ta ba. Alhali kuwa tana yanke hukunci tun kafin a zauna shari'a: duk wanda ya ce an tace, ya riga ya yarda cewa abin da aka cire dusa ne, mai cirewar kuma gwani ne. Ga kuma bambancin da ba a faye lura da shi ba. Dusar matar gida a fili take, kowa na ganinta kafin a kai wa awaki. Abin da hukuma ta cire, mai kallo ba ya sanin ma an taɓa yin sa.

Shekarar 2007 ta gwada kalmar. A Kano an dakatar da shirya fina-finai na tsawon watanni, har aka ɗaure Adam A. Zango. A Nijar, lokacin tawayen MNJ, Hukumar Ƙoli ta Sadarwa ta dakatar da jaridar Aïr Info ta Agadas da tashar RFI, sannan aka tsare Moussa Kaka daga Satumban 2007 zuwa Oktoban 2008. Wane ƙyalle ne ke tace mutum zuwa kurkuku?

Hausa ba ta rasa kalmar da ta dace ba. Ana cewa an danne gaskiya, kamar yadda ake danne haƙƙin maraya. Dannewa tana nuna mai ƙarfi a sama, tana kuma nuna cewa abin da ke ƙasa yana nan da ransa, yana motsi. Malamin da ɗalibi ya tambaya ma'anar "censure" zai kyauta in ya rubuta kalmomin biyu a allo, ya tambayi ajin wadda mai mulki zai zaɓa.