Fred Dibnah da Tukunyar Tururi

A garin Bolton na ƙasar Ingila an yi wani mutum mai suna Fred Dibnah, wanda aka haifa a 1938. Aikin da yake ci da shi hawan dogayen bututun hayaƙi na masaƙu ne: ya kafa tsani a jikin bulo, ya hau har ƙoli ya gyara. Idan kuma rushewa ake so, sai ya ciccire bulo daga gindi yana tokarewa da katako, sannan ya cinna wa katakon wuta, ginin ya kwanta daidai inda ya nufa. A 1979 BBC ta nuna wani fim a kan wannan aiki, duk ƙasar ta san shi.

Sai dai hankalinsa bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Ya yi makarantar zane, ya koyi kafinta, ya bi tarihin gadoji da tsofaffin gine-gine, har rijiyar haƙar kwal ya fara tonawa a bayan gidansa. Wani zai ce ai wannan ya tara taura da yawa a baki. Ni ban ga haka ba, domin duk inda ya leƙa sai ya dawo da abin da zai yi wa injin tururi amfani, kuma nan ne zuciyarsa take. Yana da injin daɓe titi ƙirar kamfanin Aveling & Porter na 1910, wanda ya raɗa wa suna Betsy, sunan mahaifiyarsa. Akwai kuma wani injin jan kaya na 1912 da ya shafe sama da shekara 20 yana gyarawa.

Me ke cin lokaci haka? Tukunya. Ruwa idan ya zama tururi yakan kumbura fiye da sau 1,600, kuma duk wannan ƙarfi a cikin farantan ƙarfe ake tsare shi. Tsofaffin tukwane ba walda aka yi musu ba, ƙusoshi masu kai ne ke riƙe su. Za a gasa ƙusa a wuta sai ta yi jajawur, a zura ta cikin ramin da ya ratsa faranti biyu. Mutum ɗaya ya danne kanta ta baya, ɗayan ya bubbuge bakin har ya baje, duk kafin ta huce. Hikimar tana nan: yayin da ƙusar ke sanyi sai ta tsuke, ta jawo farantan su manne gam. Wanda ya taɓa zama a maƙera zai gane saurin da ake bukata. In ka yi nawa, ƙusar ta ƙi, sai a cire a sake.

Bayan haɗawa ba a hura wuta tukuna. Ruwan sanyi ake cika tukunyar da shi, a matsa da famfo har ya wuce matsin da za ta yi aiki da shi. Ruwa ba ya matsuwa, don haka in akwai rauni ɗigo kawai za a gani, alhali da tururi ne sai dai a ji fashewa.

Tuƙin ma haƙuri yake so. Wuta a hankali ake tada ta, har tsawon sa'o'i, don kada wani gefen ƙarfe ya riga wani buɗewa. Ido kuma kullum yana kan ɗan gilashin da ke nuna tsayin ruwa, musamman a gangara, lokacin da ruwan ke kwarara gaba ya bar rufin murhu a fili. Saboda irin wannan rana ake sa wani matoshi mai dalma a rufin, wanda zai narke ya saki ruwa da tururi su kashe wutar kafin farantin ya lanƙwashe.

Dibnah ya kammala injinsa na 1912 yana fama da ciwon daji. A 2004 ya zagaya sassan Birtaniya a kansa ana ɗaukar shirin talabijin, ya karɓi lambar girma ta MBE, ya rasu a watan Nuwamba na shekarar. A 2008 mutanen Bolton suka kafa mutum-mutuminsa a tsakiyar gari.