Bakhita: Waƙa a Bakin Mai Ita

Ƴan uwa ɗalibai, littafin da na ɗauko mana a wannan fitowa shi ne *Bakhita* na Véronique Olmi, wanda ya fito da Faransanci a 2017. Ƙagaggen labari ne, amma matar da aka gina shi a kanta ta rayu da gaske.

An haife ta a Darfur wajajen 1869. Tana ƙaramar yarinya masu farautar bayi suka sace ta, firgici ya sa ta manta sunan da uwayenta suka raɗa mata. Waɗanda suka kama ta su suka sa mata Bakhita, wai "mai sa'a" da Larabci. Ku ji wulaƙanci! An sayar da ita hannu zuwa hannu, daga El Obeid har Khartum. A gidan wani janar Baturke aka tsaga mata jiki da aska, tsaga 114, aka cusa gishiri. A 1883 wani jami'in jakadancin Italiya, Callisto Legnani, ya saye ta. A 1885 ya tafi da ita ƙasarsu, inda ta zama mai renon ɗiyar gidan Michieli.

Kashin farko na littafin, wallahi ba shi da makusa. Olmi tana ba da labari kamar yanzu abin yake faruwa, jimloli gajeru, numfashi sama-sama. Kana jin ƙishirwa da nauyin sarƙa. Mu kuwa ba mu da bakin cewa tatsuniyar wata ƙasa ce: sai a 2003 dokar Nijar ta mai da bauta babban laifi, kuma a 2008 kotun CEDEAO da ta zauna a Yamai ta kama gwamnatinmu da laifin kasa kare Hadijatou Mani.

Inda nake da ja da marubuciyar shi ne kashi na biyu. A 1889 uwargijiyar Bakhita ta zo ɗaukarta daga gidan sistocin Canossa na birnin Venise, inda aka aje ta tare da yarinyar. Bakhita ta ce ba ta zuwa. Magana ta kai gaban shari'a, ranar 29 ga Nuwamba aka tabbatar ita ɗiya ce, ba baiwar kowa ba. Wannan "a'a" ita ce abu na farko da ta zaɓa da kanta. Abin da ya biyo baya ma zaɓinta ne: baftisma a 1890, alkawarin zaman zuhudu a 1896, sannan daga 1902 garin Schio, inda ta yi girki, ta kula da kayan majami'a, ta tsare ƙofa, har rasuwarta ranar 8 ga Fabrairu 1947.

To, a nan ne alƙalamin Olmi ya yi sanyi. A karatuna, ta fi sakewa da bulala bisa ga tukunya. Imanin matar kuwa, sau da yawa sai ta fassara mana shi da kewar uwa da ta ƴar uwa, kamar duk addu'arta tabon yarinta ne. Ni Musulmi ne, ban yi tarayya da Bakhita a aƙida ba, amma na san in mutum ya ce don Allah yake aiki, adalci shi ne a fara ɗaukar maganarsa yadda ya faɗe ta. Matar da aka tilasta wa hidima tun tana yarinya, ta samu ƴanci, sannan ta zaɓi hidima: me ya bambanta tsintsiyar baiwa da tsintsiyar sista? Wannan tambaya ita ce zuciyar rayuwarta, littafin kuwa ya shafe ta sama-sama.

In ba ta haƙƙinta, Olmi ba ta ɓoye yadda aka yi amfani da Bakhita ba. A 1931 Ida Zanolini ta fitar da tarihinta, aka riƙa yawo da ita gari-gari ana nuna ta don tallafa wa ƴan mishan, a zamanin da Mussolini ke haramar mamaye Habasha. Sai dai abin da Olmi ta gani ga wasu, ita ma bai bar ta ba. Masu satar mutane sun ba ta suna, Zanolini ta ba ta tarihi, Paparoma Jean-Paul II ya ayyana ta waliyiya a 2000, yanzu Bafaranshiya ta ba ta tunani. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma nan kullum wani ke rerawa.

Ku nemi littafin ku karanta, ku ara wa juna. In kun kai kashi na biyu kada ku yi sauri don jini ya ƙare. Kuma mu da ke koyon rubutu, ranar da za mu ɗauki labarin wata wahaya ta ƙauyenmu ko wata tsohuwa mai jinyar marasa lafiya, mu zauna mu saurare ta tukuna, mu rubuta dalilinta yadda ta faɗa, ko da bai yi daidai da namu ba.