Amintarwar Mace da Giɓin da Ke Cikin Rubuce-rubuce kan Ƙuduri na 1325

Tun da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1325 a watan Oktoba na shekarar 2000, marubuta Musulmi da dama suka rungumi amsa guda: Musulunci ya riga shi. Sai su kawo hanin Manzon Allah (SAW) game da kashe mata da yara, su ambaci Rufaida mai jinyar waɗanda suka ji rauni, da Nusaiba 'yar Ka'abu a ranar Uhudu, su rufe littafi. Maganar gaskiya ce, amma rabin tambayar ta amsa.

Ƙudurin bai tsaya ga kariya ba. Ya nemi a dama da mata a wajen yanke shawarar sulhu, kuma a nan ne alƙaluman suka yi sanyi, alhali fiƙihu ya fi ƙarfin hujja a wannan fage. Ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira, Ummu Hani ta ba dangin mijinta mafaka, ɗan'uwanta Aliyu (RA) yana neman kashe su, Annabi (SAW) ya zartar da amintarwarta. Wannan ba jinya ba ce. Hukunci ne da ya ɗaure hannun mayaƙa. Jumhurun malamai sun tafi a kan ingancinsa. An naƙalto daga Ibnul Majishun da Sahnun cewa sai shugaba ya amince, kuma Risalar Ibnu Abi Zaid, wadda kowane ɗalibin zaure ya bi ta kanta, ta kawo maganganun biyu. Abin mamaki ne a ce saɓanin da ke cikin mazhabar Malikiyya kanta bai samu shafi ɗaya a irin waɗannan maƙalu ba.

Haka shawarar Ummu Salama a Hudaibiyya: ana kawo ta a babin falalar matan Annabi, ba a babin siyasar sulhu ba, inda ya fi dacewa da ita.

Illar wannan giɓi a fili take a Borno da Yobe. Matar da ta kuɓuto daga hannun Boko Haram da goyo tana fuskantar tambayoyin idda, da nasabar ɗanta, da ƙyamar unguwa. Galibi maza ne ke zama su tattauna makomarta, kuma maƙalar da ta tsaya ga yabon Nusaiba ba ta ba alƙali ko limami hujjar da zai ce a kira ta a ji ta bakinta ba.